Buhun Maganata a Tashar Imel

Jiya Talata na yi wani mafarki, kuma ba da dare ba, da rana tsaka, tsakanin azahar da la'asar. Kafin in faɗe shi sai na faɗi abin da na kwanta da shi a rai, don mafarkin bai zo da komai daga waje ba.

Sunana Gwadabe. Shekara arba'in da ɗaya na yi a bayan sikeli a kasuwar hatsi kafin gwiwa ta zaunar da ni. Ina da ƙane guda ɗaya, Nomau, yana zaune a Kumasi. Shekara goma sha tara ke nan ba mu yi magana ba. Lokacin da mahaifiyarmu ta rasu bai iso ba sai bayan kwana shida. Ya ce in kai shi kabarinta. Na ce wanda bai zo ɗaukar gawa ba, ba shi da abin nema a maƙabarta. Kwana biyu ya yi yana zagaya kaburbura shi kaɗai, babu wanda ya nuna masa saboda tsorona. Ya koma.

Ran Litinin 'yarsa ta aiko wa 'yata Hindatu saƙon imel, wai ran Alhamis za a yi wa ubanta aikin zuciya, likitoci kuma ba su ba da tabbaci ba. Waya ba ya ɗauka in ya ga lambar gida ce. Ta ce in akwai magana a ɗauke ta a bidiyo a maƙala a imel, ita za ta kai masa kwamfuta har gado. Jiya da hantsi Hindatu ta jingina wayarta a kan turmi, na zauna na yi magana minti arba'in da bakwai. Da ta danna don aikawa, wayar ta ce kaya sun yi nauyi, iyaka mega ashirin da biyar ne, nawa kuwa ya kusa dubu.

"Baba, sai an rage."

"Ba a rage maganar babba."

Ta ɗauki wayarta ta shige madafa. Na miƙe a kan tabarma a zaure.

Sai ga ni a wata tasha da buhu a kaina. Buhun yana magana da muryata, a hankali, kamar rediyon da aka rufe da bargo. A saman ƙofa an rubuta Tashar Imel, na kuma karanta ba gargada, ni da bokona bai wuce in gane lambar sikeli ba. Motocin tashar ambulan ne na takarda, kowanne da ƙafafun zabuwa, ana ɗaure musu kaya a wutsiya da wata ƙatuwar waya a lanƙwashe. Rana ba ta sama. Tana cikin rijiya a tsakiyar tasha, in haske ya ragu sai wani ya je ya ɗebo da guga ya watsa.

Na shiga layi. Layin da baya yake tafiya, duk wanda aka sallama sai mu ƙara nisa da tebur. Babu wanda ya yi ƙorafi. Matar da ke gabana tana ɗauke da hotunan suna guda ɗari uku a faranti, jaririn yana kuka a cikin kowanne.

"Kin daɗe?" na tambaye ta.

"Ya kusa shiga makaranta," ta ce.

Da na yi nisa sosai har ban iya hango teburin, sai na ga ina gabansa. Mai awon tinkiya ce, da tabarau a hanci, tana tauna gefen wata takarda. Na fara duban sikelin kafin in dube ta, sabo ne. Na leƙa ƙarƙashinsa ko an sa dutse, na taɓa allurar. Lafiyarsa ƙalau. Wannan ya ɓata mini rai.

"Sannu da hanya, Baba. Ɗora."

Na ɗora.

"Ɗari tara da sittin. Iyakarmu ashirin da biyar."

"'Yata, saƙon marar lafiya ne. Ba a ɗan kau da kai a nan?"

"Baba, shekara arba'in da ɗaya kana bayan sikeli. Sau nawa ka ga allura ta ji roƙo?"

Na kwance bakin buhu.

A sama gaisuwa ce, fara tas kamar audugar rimi. Ina kwana, ina gajiya, ya jiki, ya iyali, ya ruwan Kumasi. Na kwashe ta da hannu biyu ina jin kunya, don ban taɓa aika saƙo ba gaisuwa ba. Allura ko motsi ba ta yi ba.

"Mayar da ita," in ji tinkiyar. "Gaisuwa ba ta da nauyi. Ita kowa yake fara zubarwa."

Na mayar. Na ciro tarina guda tara, na ajiye a gefe, suka ci gaba da yi su kaɗai. Na ciro carar zakaran maƙwabta da ta shiga bidiyon ba da izini ba, ta yi fiffike ta haye katanga. A ƙarƙashinta na tarar da karin maganar da na zuba wa Nomau, guda goma sha huɗu, kowace a goge tana sheƙi kamar ɗanyen goro. Waɗannan na daɗe ina zaɓensu. Tinkiyar ta ɗauki ɗaya ta shinshina.

"Yana da irinsu a gida," ta ce. "Kai ka ba shi tun yana yaro."

Ta cinye su ɗaya bayan ɗaya a gabana, ba gaggawa. Allura ta ɗan sauka.

Daga nan hannuna ya taɓa dutse. Dutsen niƙa ne, irin na da, mai rami a tsaka. Shi ne labarin ranar jana'iza: wa ya zauna da ita a daren ƙarshe, wa ya je yankan likkafani, wa ya shiga kabari ya karɓe ta, wa ya ciyar da baƙi kwana uku, wa kuma aka yi ta duban hanya bai zo ba. Minti talatin da ɗaya na yi a kansa.

"Wannan ne," in ji tinkiyar. "Ɗari takwas da wani abu. Sauke."

"Wannan shi ne saƙon."

"To, ka je ɗakin matsi. Na gaba."

Ɗakin matsi ba shi da rufi, sai daɓe a sama da ƙasa. Wata giwa ce a ciki, ta yi ɗaurin ƙirji, idanunta sun yi ja don gajiya. Ba ta gaishe ni ba. Ta nuna mini tsakar ɗakin da hanci, na ajiye buhu, ta juya ta zauna a kai. Muryata ta yi wani siririn ƙara a ƙarƙashinta.

"Tun asuba nake zaune a kan kayan mutane," ta ce can. "Ko ruwa ban sha ba."

"Sannu."

Da ta tashi, buhun ya koma kamar ƙwallon goruba. Na yi murna na kai hannu zan ɗauka da yatsu, ya kusa ɓalle mini kafaɗa.

"Takarda tana matsuwa," in ji giwar. "Rubutu yana matsuwa. Bidiyo da tsohon haushi sai dai su ƙara tauri. Je ka makiyayar girgije ka gwada."

Kafin in fita buhun ya sake kumbura ya koma yadda yake. Na ɗora a kai.

Makiyayar tana bayan tasha. Girgije ne garke guda, kowanne an ɗaure shi a turke kamar saniya, suna kiwo a ƙasa. Makiyayin kunkuru ne mai laima da sanda.

"In kayanka sun fi ƙarfin ambulan, zuba su a girgije," ya ce. "Mu ba ka igiya, igiyar za ka aika. In ta isa, ya ja, maganar ta zubo masa."

"Wa zai iya ja?"

"In ka ɗaure da sunansa, shi kaɗai. In ka manta, duk wanda igiyar ta shiga hannunsa. Mutane suna mantawa."

Bai rufe baki ba wani baƙin girgije ya fashe a kan tasha. Rigimar gado ce ta wani gida ta zubo kamar da bakin ƙwarya, da sunaye da komai. Mutanen layi suka fito da robobi da kwanuka suna tara, wasu suna kai wa maƙwabta. Mai girgijen yana tsaye a tsakiya ya jiƙe sharkaf, yana cewa shi ƙanwarsa kawai ya aika wa.

Na ce zan ɗaure da sunan Nomau, ba zan manta ba. Kunkurun ya ɗaga buhun ya ji nauyinsa.

"Za a iya. A kwance yake ko a tsaye, wanda zai ja?"

"A kwance. A asibiti."

"To, daga sama zai faɗo masa. Ni dai igiya nake bayarwa."

Na tsaya ina duban dutsen ta bakin buhu. Na dubi tsayin da girgije yake kaiwa in an sake shi. Na ɗauki kayana na koma.

A gaban tinkiyar na sauke dutsen. Kada wani ya ce na yarda ba ni da gaskiya. Wuyana ne ya gaji, kuma ranar da ke cikin rijiya ta fara ƙarewa, guga yana fitowa rabi. Da na ajiye shi, dutsen ya mirgina da kansa ya je ya shiga layi, aka ba shi lamba.

"Talatin da ɗaya," in ji tinkiyar. "Saura kaɗan."

Na sake lalube. Na ciro wata tsohuwar sanda mai kan ƙarfe, ita ce wurin da na tuna masa ni ne babba, sau biyar.

"Ya sani," ta ce. "Yana nan aka haife shi."

Na jingina sandar a jikin teburin. Allura ta tsaya a ashirin da huɗu. Ta buga mini hatimi da kofato.

"Wuce wajen duba-gari."

Duba-garin ungulu ce cikin farin kaki, da ƙyalle a baki. Irin shigar da suke yi mana gida a da, su buɗe randa su leƙa, haka ta cusa kanta cikin buhuna har wuya. Ta daɗe. Da ta fito, ga kunama a bakinta, baƙa, ƙosasshiya, tana wutsil-wutsil.

"A ƙarƙashin addu'ar samun sauƙi na same ta. Ta wa ce?"

Na gane ta. Ita ce maganar da na rufe da ita, inda na ce na san ba laifinsa ba ne shi kaɗai, matarsa ce ta riƙe shi a can. A ganina sassauci na yi masa.

"Ba da niyya na sa ta ba."

"Duk haka kuke cewa. In ya buɗe, ta harbe shi. Daga shi ta shiga matarsa, ta shiga 'ya'yansa, ta hayayyafa a akwatinsu, ta aika kanta ga duk wanda suka sani, har ta dawo gidanka da sunan wani. Ka san daga ina muka fi kama cuta a tashar nan?"

"Daga baƙi."

"Daga 'yan uwa. Kayan baƙo ana dubawa. Na ɗan uwa, hannu kawai ake zurawa."

Ta haɗiye kunamar, ta yi gyatsa, ta gyara ƙyallenta. Ta leƙa buhun kuma.

"Saura mega uku. Gaisuwa, da addu'a, da wata 'yar magana a can lungu ta naɗe kanta."

Wannan ita ce inda na ce ya yafe mini. Ban san ta yi ƙanƙanta haka ba. A bakina kamar ta fi haka girma.

"Akwai wuri," in ji ungulun. "In da abin da yake bukata, sa masa. Ba abin da kake bukata ba."

Na tsuguna. Sai a lokacin na lura, a cikin minti arba'in da bakwai ban faɗi inda kabarin mahaifiyarmu yake ba. Na sa bakina a bakin buhu na ce, layi na huɗu daga katangar gabas, kusa da ƙaramar aduwa, akwai fasasshiyar baƙar tukunya a wajen kai, ni na sa ta, ina kuma sake ta duk shekara bayan damina. Ungulun ta shinshina ta ce babu cuta. Na ɗaure bakin buhu da irin ƙullin da nake yi a kasuwa.

Aka maƙala buhun a wutsiyar wani ambulan, na hau bayansa. Bai yi tafiya ba. Ya tsaya yana tono da ƙafa ɗaya, garuruwa suka riƙa zuwa suna wuce mu, har Kumasi ta iso tana haki ta tsaya.

Ɗakin asibitin yana da ƙofa amma ba bango. Mai gadi agwagwa ce da hular sarki da usur. A damanta kwando, an rubuta Akwatin Shiga. A hagunta rami, an rubuta Juji, ramin yana da haƙora. A bayanta ga gado, ga wani tsoho a kai da farin gemu. Na daɗe ina dubansa kafin in gane. Da baƙin gashi na san Nomau. Zuciyarsa an cire an ajiye masa a kwanon sha a gefen gado, an rufe da faifai tana jiran Alhamis, faifan yana ɗan ɗagawa yana sauka.

"Mai aikowa?" in ji agwagwar.

"Gwadabe. Wansa."

"Abin da ke ciki?"

"Neman gafara."

Ta juya ta yi shela kamar a fada. "Alhaji, ga kaya daga wani wai Gwadabe, wai wanka, wai neman gafara. A buɗe?"

Nomau bai ko juyo ba. "Kar a buɗe. 'Yan damfara ne."

"Nomau, ni ne."

"Haka suke cewa. An yi mana bayani. In ka ga saƙo da sunan wanda ka sani amma halin ba nasa ba, kar ka taɓa. Yayana ko ƙafarka ya taka, kai za ka ce masa sannu."

Agwagwar ta ɗaga buhun da baki ta nufi ramin. Ramin ya buɗe haƙora.

"In ya shiga can fa?" na ce.

"Bayan kwana talatin a share. Ba mai leƙawa."

"Kwana biyu gare shi!"

"Ba ni na sa dokar ba, Baba."

Na matsa bakin ƙofa, na sassauta murya yadda ban taɓa yi wa ɗan Adam ba. Na ce ɗan uwana, don Allah, don darajar wadda ta haife mu, ka saurara ko minti ɗaya ne.

"Ka ji ko?" Nomau ya ce wa agwagwar. "Har da don Allah. Sun iya aiki, amma ba su yi bincike ba. Jefa."

Ina ganin buhun yana lilo a kan ramin, duk wahalar yinin nan ta taso mini, layi da giwa da dutse da kunama. Ban san lokacin da na buɗe baki ba.

"Kai, Nomau! Mai kunnen ƙashi! Ni da na goya ka har gona, na share maka majina da bakin rigata, yau ni ne ɗan damfara? Tashi ka zauna in ana maka magana! Ka buɗe buhun nan kafin in shigo ɗakin nan!"

Faifan da ke kan kwano ya yi tsalle ya faɗi ƙasa. Agwagwar ta daskare da buhu a baki. Nomau ya yunƙura a hankali ya zauna, ya ƙura mini ido.

"Dakata, mai gadi," ya ce. "Wannan shi ne."

Ta ajiye masa buhun a cinya.

"Yaya."

"Na'am."

"Ka tsufa."

"Kai ma ba kyau ka ƙara ba."

Ya ɗaga buhun da hannu ɗaya, ya jijjiga shi kusa da kunne. "Ba nauyi. Ka tabbata naka ne?"

"An rage a hanya. Buɗe."

Ya sa yatsu a ƙullin. Ƙullin kuwa na kasuwa ne, ba ya kwantuwa sai ka san ta inda ake ja. Ya ja nan, ya ja can, ya ƙara ɗaurewa.

"Ta ina ake kwancewa, Yaya?"

Na ɗaga ƙafa zan shiga in nuna masa. Sai ƙasa ta ɗauki wani gurnani, gadon ya fara karkarwa, agwagwar tana busa usur ba a jin ta.

Injin markaɗen maƙwabta ne. An kawo wuta, matan unguwa sun yi layi da robobin wake. Na farka wuyana a sanƙare, tabarma ta yi mini zane a kumatu, ladan yana gyara lasifika don la'asar. Na zauna na ɗan jima ina duban hannuna.

"Hindatu!"

"Na'am, Baba."

"Kawo wayar nan. Wancan na ɗazu, goge shi."

Ta fito tana goge hannu da zani, ta tsaya tana dubana. "Duka?"

"Duka. Minti ɗaya zan yi. Zai wuce?"

"Zai wuce, Baba." Ta tsuguna ta saita wayar. "Bari injin nan ya tsaya tukuna, ba za a ji ka ba."

"Za a ji ni."

"Da me za ka fara? Da gaisuwa?"

"Da faɗa. Kaɗan, don ya san ni ne. Danna."